Hakin Mai Jego Ba Raki Ba Ne

Ku saurara, mutanen Yelwa da Birnin Yauri, mutanen Wara da Ngaski da Shanga, da ku da kuke jin mu a gungaye da tungayen bakin tafkin Kainji. Sharhinmu na yau a kan ciwon zuciya ne a jikin mata. Maigida, don Allah kada ka miƙa wa uwargida rediyo ka fice kana cewa wannan zancen mata ne. Iznin fita a bakinka yake, kuɗin mota ko na jirgi a aljihunka yake, saboda haka rabin maganar nan taka ce.

Ga yadda abin yake zuwa a gidajenmu. Mace ta sauka lafiya, an yanka ragon suna, 'yan barka sun watse. Bayan mako biyu ko uku, wani lokaci ma bayan an yi arba'in, sai ta fara haki. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Ƙafafu sun kumbura, takalminta ya ƙi shiga. Da dare in ta miƙe a kan gado numfashi ya sarƙe, tari ya taso, dole ta tashi zaune ta jingina, a haka za ta ga asuba. To me ake cewa? Uwar miji ta ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Wata ta ce shawara ce. Wani ya ce iska ce, a nemo turare a yi mata hayaƙi. In ta cika faɗin ciwon kuma, a ce raki gare ta, 'yan matan yanzu ba su da dauriya, mu da muka haifi goma ba mu yi haka ba. Ita ko kunya da kara sun rufe mata baki, balle in haihuwar fari ce tana gaban surukai. Ranar da za a ɗauko ta zuwa asibiti, sai an kama ta ake sa ta a mota.

Abin nan da na zayyana, likitan zuciya ya san shi sarai. Gazawar zuciya ce da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma sau da yawa macen da ba ta taɓa ciwon zuciya ba a rayuwarta. Zuciya tsoka ce, aikinta tura jini. Wanda ya yi noman albasa ko shinkafar rani a fadamun Yauri ya san injin ban-ruwa in ƙarfinsa ya tafi: yana ta ƙara, yana shan mai, amma ruwan da ke isa fangali kaɗan ne. Haka zuciyar wannan baiwar Allah take. A kowane bugu, lafiyayyar zuciya tana tura fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta na hagu. A wannan ciwo abin yakan faɗo ƙasa da kashi 45 cikin 100, wata ma kashi ɗaya cikin huɗu take iya turawa. Jinin da bai wuce gaba ba sai ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, shi ne hakin da tarin dare. Ya sauka ƙafafu da ciki, shi ne kumburin. Ƙoda kuma da ta ga jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙaru a kan na da. Jinin da ke kwanciya a zuciyar da ba ta matsawa sosai yana iya daskarewa, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ka ga yarinya 'yar shekara ashirin da goyo ɓarin jikinta ya shanye.

Jama'a, abin da ya sa na sa wannan ciwo a gaba shi ne, a duk duniya ba inda aka rubuta yawansa kamar ƙasar Hausa. A Amurka ana samun mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A Japan kusan ɗaya cikin 20,000. A Zariya kuwa, wasu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 masu wannan lalura, suka fitar da bayaninsu a 1978, kuma lissafin da ya fito daga Zariya a wancan zamani shi ne kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Bayan kusan shekara talatin, a 2007, Dokta Simeon Isezuo da abokin aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka sami ɗaya cikin 102. Daga 2017 kuma Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wata rajista ta ƙasa baki ɗaya a asibitoci 22, aka rubuta mata 406, kusan kashi uku cikin huɗu daga shiyyar Arewa maso Yamma, inda aka sami ɗaya cikin haihuwa 96. Waɗannan alƙaluman manyan asibitoci ne, inda masu tsananin ciwo ke taruwa, a riƙa tuna wannan. Amma bincike uku, a garuruwa daban, cikin shekara arba'in, duk sun faɗa wuri guda. Kebbi kuwa a cikin wannan shiyya take, jiha ɗaya muke da Sakkwato har zuwa 1991, kuma cimarmu da al'adun jegonmu duk dangin juna ne. Daga cikin matan da aka ci gaba da bibiya a waccan rajista, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin a cika shekara ɗaya da rabi. Mata ne masu ƙuruciya.

Na san tambayar da ke bakin iyayenmu mata yanzu: wato wankan jego za a ce mu bari? Bari in faɗi abin da aka gano yadda yake, ba ƙari ba ragi. Likitocin Zariya na farko sun ɗora laifi a kan abu uku: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa da yawa. Hujjarsu ita ce kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki. Shekaru da yawa haka ake koyarwa a makarantun likita. Amma binciken baya-bayan nan na Kano da na rajistar ƙasa, da aka gwada masu ciwon da takwarorinsu masu jego lafiyayyu, bai nuna cewa wanka ko kunun kanwa su ne tushen ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jini na lokacin ciki. A taƙaice, talauci da yunwa da rashin awo. Haka kuma tun 1992 likitoci a Yamai suka ga ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin masu wannan ciwo, aka sake ganin haka a Kano daga baya. Sinadari ne da ake samu a kifi da ƙwai da nama.

Ni dai a nawa ganin, wannan bai wanke kanwa da tafasasshen ruwa gaba ɗaya ba. Ko da ba su suka haddasa ciwon ba, zuciyar da ta riga ta gaza ba ta iya ɗaukar ƙarin gishiri da ƙarin zafi, wannan kam ba likitan da zai yi musu a kai. Saboda haka, Inna, Gwaggo, Hajiya, ku da kuke tsaye a kan mai jego: ruwan ɗumi ya isa tsabta da warware gajiya. In kuwa kun ga kumburi ko haki, a ajiye kanwa nan take, a sauke tukunyar, a nemi mota. Ƙara wuta a wannan hali ƙara mata ciwo ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Wani abu kuma da ke ci mini rai: Yauri garin kifi ce, daga nan ake lodin kifin banda zuwa kasuwannin nesa, amma a gidaje da yawa matar da ta wuni a gaban bandar ita ce ta ƙarshe da kifin zai shiga bakinta. Mai ciki da mai jego su ci kifi, su ci ƙwai, su ci wake, a ci a ƙoshi. Ban ce wannan kaɗai zai tsare ta ba, amma ramammiyar mace ita ciwon nan ya fi samu.

Yaya za a bambance shi da nauyin ciki na yau da kullum? Gaskiya ce mai tsohon ciki takan yi ɗan haki, ƙafa takan ɗan tasa da yamma, shi ya sa ake ruɗewa. Amma hakin da ke zuwa mace na zaune ba ta aikin komai, ko wanda ke hana ta kwanciya sai ta tara matasai, ko wanda ke farkar da ita tsakar dare tana neman iska, wannan ba na ciki ba ne. Kumburin da ya ƙi sauka bayan haihuwa, ko yake hawa zuwa cinya da ciki da fuska, in ka danna yatsa ya bar rami, shi ma haka. Ga bugun zuciya da sauri ba dalili, ga tari mai kumfa. Ko ɗaya daga ciki ya isa dalilin zuwa asibiti a ranar. Kuma ciwon yana da magani. Akwai ƙwayoyin da ke fitar da ruwa ta fitsari, akwai masu rage wa zuciya nauyi su ba ta damar farfaɗowa, kuma wasu matan zuciyarsu takan koma daidai in an fara da wuri aka kuma dage. Dagewar ce ke ba mu wuya. Da kumburi ya sauka sai a ce ta warke, a bar magani, bayan wata biyu a dawo da ita ta fi da. Ba a tsayar da maganin zuciya sai likitan da ya rubuta ya ce a tsayar. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis ko a faifan mai talla a kasuwa, domin suna riƙe ruwa a jiki suna dagula gazawar zuciya.

Akwai magana mai nauyi da dole maigida ya ji da kunnensa. Matar da ta yi wannan ciwo, in ta sake ɗaukar ciki alhali zuciyar ba ta gama warwarewa ba, ranta na cikin haɗari ƙwarai. Wasu daga magungunan ma ba a shan su da ciki don suna cutar da ɗan tayi. In likita ya ce a dakata, a ba da tazara, ba ƙin haihuwa yake koya muku ba, uwar 'ya'yanka yake son ta rayu ta raine su. Kada a bar ta ita kaɗai da wannan shawara tana tsoron gorin dangi ko na kishiya. Ka shiga ɗakin likitan tare da ita.

Na ambaci hawan jini na lokacin ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai mace ga jijjiga. Wannan mun san shi, mun kuma binne mata da yawa a dalilinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko an haihu lafiya jinin ya sauka, matar da ta taɓa yin sa ta fi sauran mata haɗarin hawan jini da ciwon zuciya a gaba, ninki biyu ko fiye. Ya kamata ta riƙa awon jini duk rayuwarta, ko tana da ciki ko ba ta da shi. Kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Najeriya na da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba, don ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya wuce giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A lissafa gishirin miya, da dunƙule uku ko huɗu, da kanwa, a ga inda muke.

Wani ciwon kuma tun ana yara yake shiga. Yarinya ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai ta wurin wanzami ya cire beli, ko a bar shi ya wuce da kansa. Wani irin ciwon maƙogwaro ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda fenisilin ke kashewa da kuɗi kaɗan. In ba a kashe ta ba, bayan makonni jiki kan juya ya yaƙi kansa, gaɓoɓi su yi ciwo, ƙofofin cikin zuciya su yi tabo, su ƙanƙance ko su riƙa yoyo. Shekaru za su wuce shiru. Sai an yi mata aure ta ɗauki ciki, jinin jikinta ya ƙaru da kusan rabi kamar yadda ciki ke sawa, sannan ƙofar da ta tsuke ta kasa, ciwon ya fito. Wani babban bincike da aka fitar a 2015, na majinyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya nuna biyu cikin uku mata ne, kuma rabinsu ba su wuce shekara 28 ba. Yaro ko yarinya mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ma'aikacin lafiya ya kamata ya duba, ba aska ba.

Yanzu bari mu zo kan tashin hankali, domin mu mutanen wannan masarauta ba labarinsa muka ji ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya nutse a kusa da Wara ɗauke da mutum fiye da 150, har da mata da yara, waɗanda aka ceto da rai ƙalilan ne. Kwanaki aka yi ana tsamo gawa ana jerawa a bakin ruwa. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 na ƙarshen 'yan matan suka dawo gida. A tuna da iyayen da suka kwana suka tashi kusan shekara biyu da wannan a ƙirjinsu. A haɗa da ambaliyar da ke cinye shinkafa ana gab da girbi, da matan da suka baro ƙauyukansu da dare da goyo a baya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Hausawa kan ce wance ta haɗiyi zuciya ta mutu, ko a ce baƙin ciki ya kashe ta, kuma likitanci ya tabbatar da akwai irin wannan. A 1990 likitoci a Hiroshima ta ƙasar Japan suka fara bayyana wani ciwo da suka kira Takotsubo. Mutum ya ji mummunan labari, ko ya shiga firgici, ko wata babbar rashin lafiya ta same shi, sai jiki ya kwararo sinadaran firgita masu yawa a lokaci guda, su sumar da wani ɓangare na tsokar zuciya. Ƙasan babban ɗakin hagu ya daina matsawa ya buɗe, samansa kaɗai ke aiki. Ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yanke, zufa ta karyo, wata ta faɗi sumammiya. In aka duba jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar sai a tarar ba su toshe ba. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin Niigata na Japan a 2004, likitocin wurin sun ga masu wannan ciwo sun ƙaru ƙwarai. A wata rajista ta ƙasashen Turai da Amurka da aka fitar a 2015, cikin majinyata 1,750, tara cikin goma mata ne, galibi waɗanda suka daina al'ada. Yawancinsu zuciyar takan farfaɗo cikin makonni, amma kwanakin farko na da haɗari, kusan huɗu cikin ɗari sukan rasu a asibiti.

To ku dubi abin da muke yi a gidan rasuwa. An faɗa wa tsohuwa ɗanta ya nutse, ko an tafi da jikarta, ta dafe ƙirji ta zube. A yayyafa mata ruwa, a yi mata fifita, a ce yi haƙuri Inna, sai haƙuri, kowa da ranarsa. Ta'aziyya da addu'a da tunatarwa duk a wurinsu suke, ba mai raba mu da su. Amma in ƙirjin bai saki ba bayan 'yan mintoci, in numfashi na yi mata wuya, in jiki ya yi sanyi da zufa, to a cikin masu zaman makokin a sami mutum biyu su kai ta asibiti. Ba mai iya gane wa idonsa ko firgici ne kawai, ko Takotsubo, ko toshewar jijiyar zuciya, sai an yi gwaji. Kai ta asibiti bai rage mata tawakkali ba, addininmu ya umurce mu da neman magani.

Ban da bugu na rana ɗaya, akwai damuwar da ke cin mutum a hankali: rashin barci, zullumi, bashi, zaman gidan da ba kwanciyar hankali, miji ya tafi ci-rani ya bar mace da yara bakwai ba ko kwanon dawa. Binciken da aka yi a ƙasashe 52 aka fitar a 2004 ya sa damuwa a jerin manyan abubuwa tara da ke jawo bugun zuciya, tare da hawan jini da ciwon sukari da taba. Mu kuwa macen da muke yabo ita ce wadda ba ta faɗi. Muna cewa wance akwai haƙuri, ba a taɓa jin kanta ba. Haƙuri da halin mutane ibada ne. Ɓoye ciwon jiki har ya kashe mutum kuwa, ban ga ladan da ke ciki ba, kuma mu da muke yabon shirun muna da kamasho a abin da ya biyo baya. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni na ce ciwon matar aure na mijinta ne tukuna, domin shi Allah zai tambaya.

Ko toshewar jijiyar zuciya, wadda ake ɗauka ciwon manyan maza ne masu tumbi, tana kama mata, musamman bayan sun daina al'ada ko in akwai sukari da hawan jini. Ciwon ƙirji shi ne alamar da ta fi yawa ga kowa, amma mace ta fi namiji zuwa da wasu alamun daban: zafi a saman ciki, tashin zuciya, ciwon baya ko muƙamuƙi ko hannu, kasala mai tsanani, haki. A wurinmu duk zafin da ya taso daga ƙirji zuwa cibiya sunansa olsa. Sai ta shekara tana shan farin ruwan maganin olsa ba wanda ya taɓa ɗaura mata abin awon jini. Wannan sakaci ba namu ne mu kaɗai ba. A Ingila, binciken Jami'ar Leeds na 2016 ya gano cewa mace mai bugun zuciya ta fi namiji haɗarin a yi kuskuren gane ciwonta a karon farko da kashi 50 cikin 100. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet kuma ya bayyana a 2021 cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ke da kashi 35 cikin 100 na mace-macen mata a duniya, sun fi kowace cuta. In haka take a inda likita ke kusa, ina ga matar da ke gungu, wadda sai an jira jirgi, a sauka a nemi babur, sannan a kama hanyar Yelwa?

Hayaƙi ma kada a manta da shi. Matar da ke tsugune gaban murhun itace a rufaffen madafa, da wadda ke bandar kifi daga safe zuwa dare, abin da suke shaƙa yana taɓa huhu yana taɓa zuciya. A fitar da murhu inda iska ke wucewa, mai ciki da mai haki kuma a ɗauke musu aikin banda.

Sauran maganar ta hukuma ce. Tabbatar da yawancin cututtukan nan sai da na'urar hoton zuciya da ma'aikatan asibiti ke kira eko, da gwajin wayoyin da ake manna wa ƙirji. Ƙwararrun likitocin zuciya kuwa a manyan asibitocin koyarwa suka fi taruwa, a Birnin Kebbi da Sakkwato. Daga Yelwa sai an bi ta Koko da Jega, tafiyar sa'o'i, ga mai jegon da ba ta iya kwanciya, ga kuɗin mota na mutum uku, ga kwana a garin da ba a san kowa ba. Gidaje da yawa a nan lissafin ke tsayawa. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi, da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da wakilanmu a majalisun jiha da tarayya, su tabbatar akwai na'urar eko mai aiki a Yelwa da Wara, da ma'aikacin da aka horar a kanta, da likitan zuciya mai zuwa a kan ranakun da kowa ya sani. Yanzu akwai ƙananan na'urori da ake riƙewa a hannu. A 2024 ma an fitar da sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci shida na Najeriya a kan masu ciki da masu jego kusan 1,200, inda wani abin sauraren ƙirji na zamani mai haɗe da kwamfuta ya ninka yawan matan da aka gano da raunin zuciya. A sa magungunan gazawar zuciya cikin abin da asusun taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya wa marasa ƙarfi, domin magani ne na watanni, ba na kwana biyar ba.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Uwa takan kawo jariri rigakafi a mako na 6, da na 10, da na 14, daidai lokacin da gazawar zuciyar mai jego takan bayyana. Tana zaune a kan benci a gabanku, malaman asibiti, an auna jariri, an ɗiga masa, an rubuta a kati, ita ba wanda ya dube ta. Ku tambaye ta: kina iya kwanciya ki miƙe da dare? Kina haki? Ku danna ƙafarta, ku auna jininta. Ungozomomi, ku ne kuke shiga ɗakin da likita ba ya shiga, ku riƙe waɗannan tambayoyi. Malamanmu na masallatai da islamiyyu, da hakimai da masu unguwanni na masarautar Yauri, ku faɗa wa maza da bakinku, don sun fi jin taku.

Maigida, kai kuma yau da dare ka leƙa ɗakin mai jegon gidanka. In ka tarar da ita zaune ta jingina da bango tana neman numfashi, kada ka jira a yi arba'in, kada ka jira ranar kasuwa ka sayar da albasa. Ka ranto kuɗin, ka kai ta asibiti, ka ce wa likita a duba zuciyarta.